Tsohon Katako da Motsinsa: Nazari kan Aikin Tebur a Ƙasar Daura

Wanda ya taɓa karɓar sabon tebur daga hannun kafinta cikin damina a ƙasar Daura ya san abin da kan biyo baya. Da hunturu ya kankama a Disamba, sai falankan saman su fara rabuwa, tsaga ta ɓullo a gindin ƙusa, wani lokaci fuskar ma ta lanƙwashe. Mai tebur ya ce an haɗa shi da ɗanyen katako. Sau da yawa haka ɗin ne, amma ko busasshen katako zai tsage muddin aka ɗaure shi tamau, aka hana shi motsi.

Itace, ko ya shekara hamsin da sarewa, bai daina shan laimar iska yana fitar da ita ba. A watan Agusta yana kumbura, a Janairu da Fabrairu, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, yana motsewa. A faɗi yake wannan motsi, a tsawo kuwa kusan babu. Saman tebur mai faɗin santimita 90 na iya ƙaruwa ko raguwa da santimita 1 zuwa 2 tsakanin damina da hunturu, gwargwadon irin itacen da yadda aka yanka shi. Tazarar laimar iska da ke tsakanin damina da rani a Daura, Mai'aduwa, Zango, Baure da Sandamu ta fi ta kudu nesa ba kusa ba. Shi ya sa katakon da aka ɗauko daga dazukan kudu, irin su afara da malaina, yake shan wahala idan aka yi aiki da shi da saukarsa daga mota.

A nan darajar tsohon katako take. Ƙyauren tsohon gida, firam ɗin taga, bencin makaranta da ya karye, duk sun ga damina da rani masu yawa a wannan ƙasa, sun gama babbar motsewarsu ta farko. Da tsohuwar zuma ake magani. Ga kuma batun daji: Katsina na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa saboda kwararowar hamada, kuma maɗaci da ƙirya da marke sun yi ƙaranci. Duk falankin da aka ceto daga murhu ya rage wa wata bishiya barazanar gatari.

Sai dai tsohon katako yana da nasa sharuɗɗa. Kafinta na ƙwarai yakan bi shi taƙi-taƙi yana zare tsofaffin ƙusoshi, don guntuwar ƙusa ɗaya ta isa ta lalata haƙoran zarto. Yakan ƙwanƙwasa ya saurara, domin inda gara ta ci ta ciki sautinsa daban ne. Bayan ya fere fuskar, ba ya gaggawar haɗawa. Yakan jera falankan a inuwa, da 'yan sanduna a tsakaninsu, su huta makonni.

Babban kuskuren da ya zama ruwan dare yana wajen haɗa saman da ƙafafu. An saba a zuba gam, a bi da ƙusa layi-layi, a ga aiki ya yi ƙarfi. Wannan ƙarfin shi ke tsaga tebur. Abin da ya dace, a kafe saman a tsakiya kawai, sauran wuraren a yi wa sukuru rami mai ɗan tsawo ta ɓangaren faɗi, yadda katako zai zame ba tare da ya fashe ba. Wasu kan yanka tsagi a cikin firam, su sa 'yan guntayen katako masu harshe su riƙe saman. In an sa falanki a gicciye a bakin tebur, tsakiyarsa kaɗai ake sa wa gam. Fenti ko banish kuma a shafa sama da ƙasa daidai, don kada gefe ɗaya ya riga ɗaya shan laima. Lokacin aiki ma abin lura ne: aljihun tebur da aka yi cif-cif a hunturu zai ƙi buɗuwa a Agusta.

Masassaƙanmu na dā sun san halin itace. Turmi da akushi da kujerar tsugunno daga gungume ɗaya ake fitar da su, babu mahaɗin da zai yi gardama da wani. Kafintanci ya zo da haɗa falankai, amma a shaguna da yawa an koyi bugun ƙusa an bar sanin motsin katako. Wajibi ne iyayen gida a wannan sana'a su koya wa yaransu shi tun ranar da suka fara riƙe zarto. Mai saye kuma ya daina matsa wa kafinta da "gobe nake so", ya biya kuɗin haƙuri, domin teburin da aka bar wa wurin motsi shi ne zai kai ga jikoki.