Kafin a ci zinare, wa ke kiran sunan ɗan wasa?

A ƙasar Filifin akwai wani shirin labaran wasanni da ya daɗe yana fitowa a tashar gwamnati, sunansa PTV Sports. Tun tashar na amsa sunan NBN ake yin sa, kuma da harshen Filifino ake gabatarwa, harshen da direban motar haya da mai sayar da kifi a kasuwa suke ji ba sai an fassara musu ba. Snow Badua na cikin waɗanda suka yi suna da gabatar da shi. Shiri ne mara ƙyale-ƙyale: yadda wasannin jiya suka ƙare, hira da koci, wa ya ji rauni, wa ke shirin tafiya gasa. Mutane da yawa na ganin zamanin irin wannan shiri ya wuce, tunda ga waya a hannun kowa. Ni kuwa ina ganin yanzu ne ma aka fi bukatarsa.

Ba da sauƙi harshen gida ya samu wannan kujera ba. Amurka ta mulki Filifin daga 1898 zuwa 1946, ta bar musu Turanci da ƙwallon kwando, su kuma suka rungumi duka biyun. Da aka kafa gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta PBA a 1975, wadda ita ce ta farko irinta a nahiyar Asiya, Turanci ne ya mamaye sharhin wasannin a talabijin na tsawon shekaru. Ɗan wasa ya fito daga unguwar talakawa, 'yan kallo su ma haka, amma mai sharhi na magana kamar daga wata ƙasa ya sauka. Lamarin ya soma juyawa a 1987, shekarar da tsarin mulki ya tabbatar da Filifino a matsayin harshen ƙasa, kuma tashar ABS-CBN ta 'yan kasuwa ta fara shirin labarai na TV Patrol da harshen gida, ya ja jama'a ba kaɗan ba. Sannu a hankali masu sharhin wasanni ma suka sauko, suna gauraya harshen Tagalog da Turanci yadda ake yi a titin Manila.

Sai ga 5 ga Mayun 2020, aka rufe watsa shirye-shiryen ABS-CBN ta iska bayan lasisinta ya ƙare, sashenta na wasanni ya bi baya. Gasanni suka koma wasu tashoshi, wasu sai ka biya kafin ka kalla. Matasa kuma suka koma ga guntayen bidiyo a Facebook da TikTok, inda ake nuna ƙwallon da ta shiga kwando da naushin da ya kayar da mutum, shi ke nan.

Abin da ke damuna da guntun bidiyo shi ne, wanda ya riga ya ci kaɗai ya sani. A duba Hidilyn Diaz, 'yar Zamboanga mai ɗaga ƙarfe. Ta je gasar Olamfik ta Beijin a 2008 tana da shekara 17, ta dawo hannu rabbana. A Landan a 2012 ƙarfen ya gagare ta sau uku a jere, aka cire ta ba tare da sakamako ba. A Rio a 2016 ta samo azurfa, amma duk da haka a 2019 sai da ta fito fili tana neman masu tallafa mata da kuɗin horo. Annobar korona ta rutsa da ita a Maleshiya, wuraren atisaye a rufe, ta riƙa rataya jarkokin ruwa a sandar gora tana ɗagawa. A Tokyo, ranar 26 ga Yulin 2021, ta ɗaga kilo 127 a yunƙurinta na ƙarshe, ta sauke ƙarfen ta fashe da kuka. Zinaren Olamfik na farko ke nan ga ƙasar da ta fara shiga gasar tun 1924. Duniya ta kalli wannan minti ɗaya. Amma shekara goma sha uku da suka gabace shi fa? Wanda zai bi 'yar wasa a irin waɗannan shekaru, ya faɗi sunanta ranar da ta zo ta bakwai, ya tambayi hukuma ina alawus ɗinta ya maƙale, shi ne ɗan jaridar da ke da shiri a kai a kai, wanda dole ya cika shi ko akwai lambar yabo ko babu.

Haka labarin Carlos Yulo yake, wanda ya ci zinare biyu a wasan alkafura a Faris a 2024, a ƙasar da ƙwallon kwando da damben Manny Pacquiao suka cinye hankalin masu talla. Tashar 'yan kasuwa tana bin inda kuɗi yake, ban kuma ga laifinta ba. Ta gwamnati ce ba ta da uzuri. Da kuɗin jama'a take aiki, saboda haka wajibinta ne ta kai kyamara wajen masu arnis, wasan sanda na gargajiyar ƙasar, da masu iyo, da yaran makaranta a gasar Palarong Pambansa, inda gwanayen gobe ke fara gudu.

Ba na cewa shirin ba shi da aibu. Tashar gwamnati tana da nauyin baki idan laifin na hukumar wasanni ne, kuma labarin da ya tsaya ga wane jami'i ya miƙa kofi bai amfani ɗan wasa da komai ba. Sannan Filifino a kan Tagalog aka gina shi, alhali miliyoyin 'yan ƙasar Sebuwano ko Ilokano suka tashi da shi. Pacquiao kansa ɗan kudu ne mai jin Sebuwano, garin Diaz kuwa Cabakano ake yi. Da ni ake shawara, da na ce a buɗe wa shirin rassa a Sebu da Dabao da harshen wuraren, a ajiye wakilai a larduna, a kuma sa cikakken shirin a intanet kyauta kowace rana, domin yaron da ke ɗaga ƙarfe a bayan gida a Zamboanga ya ji an kira sunan kocinsa.