Makaɗin Jita da Ƙaramin Dandali

Duk wanda ya san Kano ya san Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa a bakin Jakara. Rumfunanta ƙanana ne, hanyoyinta matsattsu. Amma wannan matsi yana da amfani, gama mai saye yana taɓa tufa da hannunsa, ya shinshina turare, ya dubi idon mai sayarwa kafin ya kwance lalitarsa. Haka kiɗa ya tashi a ƙasar Hausa. Mai kalangu yana tsaye gaban mahauta, idan ya yi daidai a yi masa kyauta nan take, idan ya kuskure a juya masa baya. A kan wannan ma'auni na kasuwa muke so mu auna wani kiɗa na zamani, watau kiɗan jita mai lantarki wanda Turawa ke kira rok.

Mu fara da Ingila. Ƙungiyar makaɗan nan ta Beatles a wani ɗan ɗaki na ƙarƙashin ƙasa ta yi ƙarfi, a birnin Libaful. Da sunansu ya cika duniya, a 1965 suka yi wasa a wani filin ƙwallo a Niyok gaban mutum fiye da 55,000. Ihun jama'a ya danne kiɗan, har su kansu ba sa jin abin da suke kaɗawa. A 1966 suka daina yawon wasa. Bayan sun watse, ɗayansu, Paul McCartney, ya kafa wata ƙungiya mai suna Wings. A watan Fabrairu na 1972 ya zuba su cikin mota, suka riƙa bin jami'o'i ba tare da shela ba, suna wasa a ɗakunan taron ɗalibai, ana karɓar ɗan abin da ya samu a bakin ƙofa. Daga Nottingham suka fara. Mutumin da duniya ta san shi ya koma inda zai ga fuskar mai sauraro.

To, ba sai mun je Turai ba kafin mu sami misali. Buzaye da suka daɗe suna kawo gishirin Bilma zuwa Kano cikin ayari, jikokinsu sun shahara da jita. Cikinsu akwai Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, mutumin jihar Tawa a ƙasar Nijar. Yana yaro ya ƙera jitarsa ta fari da katako da wayar birkin keke, kuma bahago ne. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, salon waƙoƙin finafinan Hausa kuwa ya bayyana a cikinsa sarai. Waƙoƙin ba su bi ta kanti ba. Daga waya zuwa waya suka yaɗu cikin Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji su ya shiga neman mai su.

Makarantar Mdou Moctar ita ce gidan biki. A shimfiɗa tabarmi a fili, a ta da janareta, a kafa lasifika, jama'a su yi da'ira. Faifansa Afelan na 2013 a Cintabaradan aka ɗauke shi, kuma a faifai biyu da ake kira Niger EP, na 2022, akwai kiɗan da aka ɗauka a wuraren biki da cikin gidaje. Wanda ya saurare su zai ji abu uku. Na ɗaya, tafi da guɗa sun zama sashen kiɗan, ba ƙari ba. Na biyu, mai ganga yana ƙara sauri gwargwadon yadda ƙafafun masu rawa ke nema. Na uku, jitar tana kira jama'a suna amsawa, kamar makaɗi da 'yan amshinsa. Nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, domin ba shi da wurin ɓuya.

Sa'an nan ƙungiyarsa ta mutum huɗu ta shiga yawon Turai da Amurka, tana bin ƙananan ɗakunan wasa gari gari, har ta kai manyan taruka irin na Coachella a 2024. Faifansu Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 suna da ƙarfi ƙwarai, suna kuka da zaluncin da aka yi wa Afirka da yadda ake kwashe arzikin Nijar. Amma ga inda muke da ja. Bahaushe yana son magana a cikin waƙa. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya yake tsayar da kasuwa, don kuwa kowace kalma tana shiga kunne. A wasu waƙoƙin Funeral for Justice, rurin jita yakan yi tsawo har ya haɗiye muryar mai waƙa. Masu sauraro a Amurka, da yake yawancinsu ba sa jin Buzanci, yatsun makaɗi suke yi wa tafi, saƙon kuwa ya wuce su. Ganga ta yi zaƙi, amma ba a ji abin da ta faɗa ba.

Abin lura shi ne, su da kansu sun kawo maganin wannan. A watan Yuli na 2023 soja suka kifar da gwamnatin Nijar, aka rufe iyakoki, alhali ƙungiyar tana Amurka. Cikin wannan zaman jira suka sake ɗaukar waƙoƙin nan a hankali, da jita marar ruri, suka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. A nan murya ta dawo gaba, baƙin cikin ya fito fili, kamar mutum yana zaune gabansu a kan tabarma. A ganinmu wannan ya fi wancan shiga zuciya.

Kada mai karatu ya zaci muna ƙin babban taro. Makaɗi yana da iyali, kuma kuɗin ƙaramin ɗaki da kyar yake biyan jirgi da masauki. Babban fili shi ke kawo abinci da suna. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Makaɗin da ya daina tsayawa inda za a ga guminsa, a kuma gaya masa gaskiya ido da ido, hannunsa zai riƙa yin sauri, kunnensa yana mutuwa. Saboda haka shawararmu ga samarin da ke koyon jita a Kano da Maraɗi da Damagaram ita ce, su fara gwada hajarsu a ƙofar gida da gidan biki, yadda ɗan Kurmi ke miƙa tufa ga mai saye ya taɓa. Kuma ko Allah ya ɗaukaka su, su riƙa komawa can. Allah ya sa mu gane.