Henning Berg: Gwanin Tsayawa Inda Ya Dace

A gidan kallo ba a cika tashi tsaye don ɗan baya ba. Shewa da tafi na mai zura ƙwallo ne, ko na golan da ya yi tsalle ya ture. Mai tsaron baya kuwa, in ya yi aikinsa yadda ya kamata, sai a ce ɗan gaban abokan karawa ne bai zo da ƙafar dama ba. Henning Berg, ɗan Norway da aka haifa a 1969, yana cikin waɗanda aka daɗe ana ci wa haƙƙi ta wannan hanya.

Ba a san shi da gudun tsiya ba, ba kuma mai yawan zubewa ƙasa don ƙwatar ƙwallo ba ne. Jarinsa hange ne. Kafin mai bugawa ya ɗaga ƙafa, shi ya riga ya san inda ƙwallon za ta faɗa. In ɗan gaba ya taso masa, ba ya yin kukan kura. Sai ya karkata jiki, ya riƙa ja da baya a hankali, idonsa kan ƙwallo, ba kan rawar ƙafafun yaron ba, yana kora shi bakin layi inda fili ya ƙare. Daƙiƙa biyun da ya ɓata masa sun isa abokan wasansa su dawo gida. Wanda ya yi zubewar gaggawa aka yanke shi, ya bar golansa tsirara.

Da wannan ya zama jigo a bayan Blackburn Rovers, wadda Kenny Dalglish ya kawo shi cikinta a 1993 daga Lillestrøm. A 1995 suka ɗauki kofin Firimiya, yana tsaron gefen dama, duk da cewa sunan Alan Shearer ne ya cika gari. Manchester United ta saye shi a 1997, can ma ya ci kofin, ya zama ɗan wasa na farko da ya lashe Firimiya da ƙungiyoyi biyu.

Amma wanda yake son ganin fasahar ƙuru-ƙuru ya nemi karawar United da Inter Milan ta watan Maris 1999, a zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe na gasar Zakarun Turai. A Old Trafford United tana gaba da ci biyu, duka daga kan Dwight Yorke. Gab da tashi Inter ta matsa lamba, golan United Peter Schmeichel ya fito ya tare, ƙwallo ta koma ƙafar Francesco Colonnese, raga a buɗe. Ya buga, sai ga Berg kan layi ya fitar da ita. Mai kallo zai ce sa'a ce. Ina! Ƙa'ida ce tsohuwa: da zarar gola ya bar gidansa, ɗan baya ya daina bin ƙwallo, ya koma ya tsare ƙofa. Kowa ya san ta, amma a cikin rububi ƙalilan ne ke tunawa. Da Inter ta ci wannan ƙwallo ta waje, da zuwa San Siro, gidan Inter, ya zama wani labari. Can aka tashi 1-1, United ta wuce, ta kuma haɗa kofuna uku a shekarar, ko da yake rauni ya hana Berg buga wasan ƙarshe.

Makarantar da ta goge shi ita ce tawagar ƙasarsa ƙarƙashin Egil Olsen, mai tsarin tsaron yanki. A wannan tsari ba ka bin mutum duk inda ya sa ƙafa. Kana riƙe da naka fili, kuna matsawa tare ku huɗu kamar an ɗaure ku da igiya guda, wanda ya shigo yankinka shi ne naka. Ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan 5 ba a lokacin, amma ta doke Brazil 2-1 a Marseille a gasar Kofin Duniya ta 1998. Berg ya buga wa Norway wasa 100.

Da ya koma horarwa, hanyar ba ta miƙe ba. Blackburn ɗin da ya koma yi wa wasa har ya ɗaga wa kofin League Cup a 2002 ta sallame shi a 2012 bayan kwana 57 kacal, abin da nake gani rashin haƙuri ne tsagwaronsa. Ya tafi Poland ya ci gasar ƙasar da Legia Warsaw a 2014, sannan ya ci ta Cyprus da Omonia a 2021.

Mai karatu, in ka zauna kallo a ƙarshen makon nan, ɗauke ido daga ƙwallo na minti biyar, ka bi ɗan baya guda ɗaya kawai, ka duba inda yake tsayawa tun kafin a buga.