Aku da Ɗansa Fasih: Nazari a kan Magana Jari Ce

A shekarar 1936 aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga Makarantar Midil ta Katsina, inda ya ke koyarwa, aka kawo shi Zariya wurin Dokta R. M. East na Hukumar Talifi, don ya rubuta littafin da yaran makaranta za su riƙa karantawa. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, na farkonsu ya fito a 1937. Aikin makaranta aka ba malamin, amma da ya tashi sai ya ɗora koyarwar duka a bakin tsuntsu mai ba da labari.

A littafi na ɗaya aku ba ya yi wa Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, wa'azi. Yaro ya ƙagara ya fita ya bi mayaƙa, Waziri kuwa ya ƙulla masa makirci a waje. Da aku ya ce masa kada ya fita, lalle da ya fita, gama haka halin yaro ya ke. Sai ya riƙe shi da labari, dare bayan dare, har Sarki ya komo. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban yara arba'in da rana tsaka ya san wannan dabara, ko da bai san sunanta ba.

Amma inda littafin ya fi zurfi shi ne na uku, wanda sau da yawa a kan karanta shi da gaggawa. A nan aku ya zama Waziri, ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa ba da labari, kamar yadda maƙeri ke zaunar da ɗansa a bakin zuga. Watau Imam bai ɗauki fasaha a kan baiwa kaɗai ba, wadda wani ya samu wani ya rasa. Ya ɗauke ta sana'a ce, ana jin ta wurin gwani, a gwada, a yi kuskure, a gyara. Yaron da ke karatu, in ya lura, zai ga shi ne Fasih.

To, a nan ne masu sukar Imam su kan ce ai labarun ba nasa ba ne, ya kwaso su ne daga Alfu Laila da littattafan Turawa, har ma zancen aku mai tsare mutum da hira daga Indiya ya samo asali. Gaskiya ne, ba a kuwa ɓoye ba. Labarin Kalala da Kalalatu yana cikin tatsuniyoyin Grimm na Jamus: kuku ta cinye kaji biyu da aka gasa wa baƙo, ta tsorata baƙon da wuƙar da maigida ke wasawa, sa'an nan ta ce wa maigida baƙo ya gudu da kajin. Amma a duba abin da ya same shi a hannun Imam. Kuku ta zama matar gida, maigida ya zama Kalala, wanda ko wane gari ya san irinsa, baƙo kuma ya zama baƙon Bahaushe mai kunya da gaisuwa. Wannan juyi shi ne ilmin da ke cikin littafin, shi ne kuma abin da yaro zai iya kwaikwayo tun yana ɗan shekara goma.

Abin takaici, aji bai cika bin littafin har nan ba. An fi mai da shi abin karatu da babbar murya, da tambayoyin wa ya ce, wa aka ce wa, mene ne ma'anar wannan karin magana. Yaro ya haddace sunayen sarakuna ya ci jarrabawa, ba a taɓa ce masa ya ɗauko tatsuniyar Gizo da ya ji wurin kakarsa ya sāke mata riga ba, ko ya ƙaga wa labarin Kalala wani ƙarshe dabam, ko su tashi su uku su yi wasansa gaban aji. An ba shi aku ya saurara, an hana shi zama Fasih.

Shi ma littafin yana da nasa laifi. Wani lokaci aku ya kan tsawaita bayanin darasin labari bayan labarin ya riga ya gama aikinsa, har mai karatu ya ƙosa. Kuma masu koyon magana a cikinsa maza ne, alhali kuwa a gidan Bahaushe mata ne ke riƙe da tatsuniya, daga bakinsu yaro ke fara jin ta. Matan da ke cikin labarun, da yawansu wayonsu na yaudara ne, irin na Kalalatu. Yarinyar da ta buɗe littafi na uku tana neman wadda aka zaunar ana koya mata hikima kamar Fasih, ba za ta same ta ba.