Zanen Masu Ɗaurin Goro: Mu Duba Kafin Mu Sayar

Da muka zauna lissafin gadon wani dattijonmu, ɗan kasuwar goro, Allah ya jiƙansa, sai ga wani zane a bayan sito, ƙura ta rufe shi. Washegari wani dillali ya taya shi kuɗin da bai kai na buhun shinkafa uku ba, yana cewa a ba shi yau-yau. Gaggawar nan tasa ce ta sa muka ce a dakata, domin akwai marayu cikin magadan.

Bari mu fara da zanen kansa. Fentin mai ne a kan zane mai kauri. Mutum biyar ne a rumfa suna ɗaura huhun goro: ɗaya na shimfiɗa ganye a kwando, ɗaya na yayyafa ruwa, wani na ware fari da ja, wani na jan igiya, maigida kuma na zaune a gefe. Gaskiya mai zanen gwani ne wajen haske. Ganyen nan kamar ka taɓa ka ji danshi, kuma duk wanda ya taɓa ɗaurin huhu zai gane yadda mai jan igiyar ya kafa ƙafa ya gantsare. Wannan ba aikin allon shago ba ne, mutumin ya tsaya ya kalli aikin da idonsa.

Amma fa kallo ya yi daga bakin titi, bai shigo rumfar ba. Fuskokin biyar duk ɗaya ne, kai ka ce 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Ya naɗa wa mai jan igiya rawani, alhali wa ke wannan aikin ƙarfi da rawani? Mafi girma, ya zana yaro yana miƙa wa maigida goro da hannun hagu. A gidan wa? Wannan kaɗai ya nuna mana cewa mai zanen ba ɗan cikinmu ba ne. Ya iya hannunmu, bai san fuskarmu ba. Duk da haka muna ganin ƙimarsa, don tun kafuwar Sabon Ibadan a 1916 goro da shanu ne suka riƙe unguwar nan, kuma ba mu cika ajiye abin da zai nuna wa jikoki yadda iyayenmu suka yi aikin ba.

To wa ya zana? Haruffa biyu ne kawai a kusurwa, shekarar ta goge. Abin da ya sa ba mu raina su ba shi ne, a 1961 aka buɗe ƙungiyar Mbari a nan Ibadan, inda marubuta da masu zane ke haɗuwa. Kafin nan, a 1958, ɗaliban kwalejin Zariya irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo sun kafa ƙungiyarsu ta masu zane, ga kuma masu zanen Oshogbo nan kusa da mu. Ba mu ce ɗayansu ne ya yi namu ba. Muna cewa ne garin da muke zaune ba garin da za a yi wa tsohon zane kallon banza ba ne.

Samari sun riga sun fara lissafin miliyoyi, saboda labarin Ben Enwonwu, mutumin Onica da ya rasu a 1994. Zanensa na gimbiyar Ife, Tutu, wanda ya yi a 1974, an gano shi a wani gida a Landan, aka yi gwanjonsa a 2018 kan sama da fam miliyan 1. A 2019 ma an sayar da wani nasa mai suna Christine kusan haka, bayan iyalin da suka gaje shi sun bincika sa hannun a intanet. Duk gaskiya ne. Sai dai kwafin Tutu na takarda ya cika gidaje a ƙasar nan, kuma ba wanda ya yi arziki da shi. Mafi yawan tsofaffin zane kuɗinsu kaɗan ne. Kada a sa wa marayu rai da abin da ba a tabbatar ba.

Ga shawararmu ga duk wanda ya tsinci irin wannan. Kada a wanke shi da ruwa ko kananzir, kada a sake masa fenti, kada a canja katakonsa. A duba bayansa, nan ake samun hatimi ko rubutu. A sa gilashin ƙara girma: idan ƙananan ɗigo-ɗigo ne a jere, bugun inji ne; idan ana ganin sawun buroshi da tudun fenti, aikin hannu ne. A tambayi tsofaffi yadda ya shigo gidan, a rubuta da shaidu, domin asalin zane rabin kuɗinsa ne. Sannan a ɗauki hotonsa gaba da baya a nuna wa malaman zane a jami'a ko masu gwanjon zane a Legas, aƙalla wuri biyu. Wanda zai saya ba shi ne zai yi ƙima ba, mu 'yan kasuwa mun san wannan.

Wasu sun ce a ƙone shi kawai tunda akwai surar mutane. A mazhabarmu ta Malikiyya, abin da aka haramta shi ne mutum-mutumi cikakke mai inuwa. Zanen da ke shimfiɗe a bango bai kai haram ba, ko da yake barinsa ya fi. Saboda haka ba mu da ikon lalata abin da yake dukiyar magada ne, kuma ba mu da ikon karyar da shi. Bayan hidimar jana'iza da bashi da wasiyya, duk abin da ya rage haƙƙinsu ne, har allura.

Zanen na nan a ajiye da sanin kowa da kowa, nesa da rana da danshi, har a ji ta bakin masana. In ya yi kuɗi, alhamdu lillahi. In bai yi ba, muna roƙon magada kada su bari ya bar unguwa. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya tsare mu da cin dukiyar maraya. Amin.