Kwanakin Zullumi: Giɓin da Ƙagaggun Labaranmu Suka Bari

Manufarmu a wannan tsokaci ita ce mu dubi yadda adabinmu na zamani ya ɗauki jigon ciki a ƙuruciya, mu kuma nuna abin da ya tsallake.

Marubuta dai ba su yi shiru ba. A Wa Zai Auri Jahila? (1990), Balaraba Ramat Yakubu ta kawo mana Abu, 'yar shekara 13, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa dattijo Sarkin Noma. A 2006 kuma wasan rediyo na Gugar Goge ya bi Kande, 'yar shekara 12, daga auren wuri zuwa doguwar naƙuda da yoyon fitsari. Duka biyun sun taka rawar gani wajen fito da abin da aka yi wa yarinya.

Wadda muke cigiya ita ce yarinyar da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ko karɓar allura, amarya ce ko budurwa, tana zaune a Nyanya ko Gwagwalada tana ƙidayar kwanaki. A yawancin littattafan soyayya da muka nazarta, ciki hukunci ne: jiri, amai, sai fushin uba. Ƙwaya kuwa, in an tsince ta a jaka, shaidar lalacewa ce kawai. Kwanakin da ke tsakanin ɓatan wata da sanin gaskiya, inda zuciya ke tafasa, a layi guda ake wuce su.

Alhali a nan rikicin labari yake. Allurar wata uku kan ɗauke wa mata da yawa haila ba tare da ciki ba. Ƙwaya kuma, saboda mantuwa da tsallake sha, kimanin mata 7 cikin 100 kan ɗauki ciki a kanta cikin shekara. Yarinyar da ba ta san wannan ba, kunya ta hana ta tambayar uwa, tsoron harara ya hana ta asibiti, sai ta koma ga ƙawa da mai kemis. Rashin sani ya fi dare duhu.

Saboda haka muna jan hankalin ɗalibanmu masu tura labarai ga wannan mujalla: kafin ku yanke wa tauraruwa hukunci, ku zauna da ita a ɗakinta daren da take jira, ku ji abin da take faɗa wa kanta.