Babbar Majami'ar Ani da Aikin Magini Trdat

Babbar majami'ar Ani tana lardin Kars a gabashin Turkiyya, a bakin kwazazzabon kogin Akhuryan da ya raba Turkiyya da Armeniya. Sarki Smbat na Biyu na gidan Bagratuni ne ya aza harsashinta a 989, lokacin Ani tana hedkwatar daular Armeniyawa, sannan Sarauniya Katramide, matar Gagik na Ɗaya, ta kammala ta a farkon ƙarni na 11. Da Alp Arslan na Saljuƙawa ya ci birnin a 1064 aka mayar da ita masallaci. A 1124 Sarki Dauda na Huɗu na Jojiya ya sake miƙa ta ga Kiristoci. Girgizar ƙasa ta 1319 ta rushe kubbarta, ta 1988 kuma ta zubar da kusurwar arewa maso yamma. A 2016 UNESCO ta sanya kufan Ani cikin wuraren tarihi na duniya.

Maginin shi ne Trdat, wanda ya gyara kubbar Aya Sofiya a Konstantinoful bayan girgizar ƙasa da ta auku a can a 989. Gwanintarsa ta fi bayyana a yadda ya raba nauyi. Bangon fuska biyu ne na sassaƙaƙƙen dutsen aman wuta, tsakaninsu an cusa tsakuwa da kwaɓin farar ƙasa har suka zama dunƙule ɗaya. A gabas da kudu da arewa ya fafe bangon ta waje da dogayen alkukai masu siffar alwatika, waɗanda suke rage kaurin da ba shi da amfani, suna kuma nuna wa na waje inda ginin ya rabu ta ciki. A cikin zauren ginshiƙai huɗu ne suka ɗauki kubba, kowanne an sassaƙa shi kamar damin sanduna, kowace sanda tana miƙewa sama ta zama layi ɗaya na baka. Bakunan masu tsini ne a ƙoli, don haka nauyi ya fi gangarowa ƙasa maimakon ya tura bango gefe. Ido yakan bi layukan nan sama, sai zauren ya yi kamar ya fi ainihin tsayinsa.

Wannan salon ginshiƙai da bakuna masu tsini ne ya sa masanin tarihin gine-gine Josef Strzygowski a 1918 ya nemo tushen salon Gothic na Turai a Armeniya. Hasashe ne kawai. Babu shaidar da ta haɗa Ani da maginan majami'ar Saint-Denis ta Faransa, inda salon Gothic ya fara bayyana a wajajen 1140, kuma baka mai tsini ya riga ya bayyana a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira tun 879. Auna Trdat da ma'aunin Turai rage masa daraja ne. Matsalar da ya tunkara ta ƙasarsa ce, ƙasa mai yawan girgiza, kuma kufan ya ba da shaida: kubba ta tafi shekaru ɗari bakwai da suka wuce, amma ginshiƙai huɗun da bakunansu suna tsaye.